Yadda Ake Hana Kurege Cinye Tsabar Tsuntsaye a Bayan Gida

Wanda ya taɓa yin hunturu a gabashin Amurka ya san wannan al'ada: da sanyi ya kunno kai, sai ka ga bayan gidaje da 'yan mazubai rataye, cike da tsaba, an ajiye wa tsuntsayen daji. Ni abin bai zame mini baƙo ba, don na tashi ina ganin mahaifiyata tana watsa wa kurciyoyi tsaki a tsakar gida kowace safiya, kuma tun muna yara ake karanta mana hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga ciki, to sadaka ce a gare shi. Saboda haka da Allah ya hore mana gida mai ɗan fili a jihar Maryland, ban yi wata-wata ba na sayo mazubin roba mai kamar bututu, na cika shi da ƙwayar sanfulawa, shukar nan mai babban fure ruwan ɗorawa, na rataye a reshen bishiyar da ke kusa da tagar kicin.

Na cika shi bayan sallar asuba. Kafin in dawo daga aiki babu ko ƙwaya ɗaya, kuma an ɓurma 'yan ƙofofin da tsuntsu ke zura baki, sun zama wawakeken rami. 'Yata ƙarama ce ta tare ni a ƙofa ta ce, "Baba, wani ƙaton ɓera mai jela buzu-buzu ne ya cinye, yana cin abinci kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama." Kurege ke nan. A wannan hunturun mazubi uku na yi asara, kafin wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta daɗe tana wannan sana'a ta ciyar da tsuntsaye, ta leƙo ta kan shinge ta ce mini in daina sayen sabon mazubi, in nemo tef ɗin awo. Abin da zan zayyana a nan, daga wannan shawarar ya samo tushe: kurege ba a rinjayarsa da ihu ko jifa, da awo ake rinjayarsa.

Ka fara sanin wanda kake karawa da shi

Kuregen da muka sani a ƙasar Hausa na ƙasa ne, mai rami, mai tone gyaɗa a gona. Na nan ɗan sama ne, ruwan toka, a kan bishiya yake kwana, a kan bishiya yake haihuwa. Nauyinsa bai wuce rabin kilo ko ya ɗara kaɗan ba, amma Allah ya yi masa baiwa uku da suka sa ya gagari mai gida. Idon sawunsa na baya yana juyawa gaba ɗaya, shi ya sa yake saukowa daga bishiya da kai, kuma yake iya maƙale ƙafafun baya a reshe ya sake jiki ya ci da hannaye biyu. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, don haka gwaguya ta zame masa dole: roba, katako, igiya, har siririn alminiyam, duk ba sa tsaya masa. Na uku shi ne tsalle.

A kan tsallen ne duk aikin ya rataya. Masu ciyar da tsuntsaye a nan suna da ƙa'idar da suke kira 5, 7, 9. Daga ƙasa zuwa sama, da wuya ya wuce ƙafa 5. Daga gefe zuwa gefe, kamar daga shinge zuwa mazubi, yakan yi ƙafa 7. Daga sama kuwa yakan saki jiki ya faɗo daga ƙafa 9. Waɗannan alƙaluma kimantawa ce, ba iyaka ba. Ni da idona na ga wanda ya taso da gudu a kan shinge ya ƙetare abin da ya fi ƙafa 7 ba tare da wahala ba, don haka nake aiki da ƙafa 10, wato mita 3, a gefe da kuma sama. In ka riƙe lambobi biyu kawai, 5 da 10, ka riƙe rabin wannan darasi.

Mataki na farko: zaɓen wuri

Kada ka sayi komai tukuna. Ɗauki tef, ka fita bayan gida da safe, lokacin da suke tsakiyar kai-komo, ka tsaya ka kalle su na 'yan mintoci. Za ka ga suna da hanyoyi kamar na shanu zuwa mashaya: daga wannan itace zuwa kan shinge, daga shinge zuwa rufin ɗakin ajiya, daga nan zuwa wayar lantarki. Duk abin da zai iya takawa ya yi tsalle, lissafa shi: gangar jikin bishiya, rassa, shinge, dandamalin katako, indararo, kwandon shara, teburin waje, lilon yara, tarin itacen wuta, har motar da aka saba ajiyewa a gefe.

Yanzu nemi wurin da yake da tazarar ƙafa 10 daga kowane ɗayansu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kafa ɗan turke, ka ɗaura masa igiya mai tsawon ƙafa 10, ka zagaya da ita. In igiyar ta taɓa wani abu, matsa da turken. In ka samu inda ta zagaya ba ta taɓa komai ba, ɗaga kai ka duba sama. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, ni ma a nan na faɗi karo na biyu: na auna ƙasa tsaf, na manta da wani siririn reshe da ya miƙo ta sama. Siririn reshe ba ya hana shi, don nauyinsa na lanƙwasa reshen ya ƙara kusanto da shi. In reshen na bishiyarka ne, sare shi. In na maƙwabci ne, yi masa magana tukuna, ko ka matsa.

Akwai abubuwa biyu da za ka haɗa da wannan lissafin, don tsuntsayen kansu. Na ɗaya gilashin taga. Tsuntsu in ya firgita yakan tashi ya doki gilashi, yana ganin hoton sama da bishiyoyi a jiki. Shawarar masana ita ce mazubi ya kasance ko dai dab da taga, ƙasa da ƙafa 3, inda tsuntsu bai kai ga ɗaukar gudu ba, ko kuma nesa da ita sosai, kamar ƙafa 30. Na biyu mafaka. Kada ka kai mazubin tsakiyar fili fetal inda babu wurin ɓuya, don shaho na kewaya unguwanni yana neman irin wannan taro. Tazarar ƙafa 10 zuwa 15 daga wani duhuwar shuke-shuke ta wadatar: ta yi wa kurege da kyanwa nisa, ba ta yi wa tsuntsu nisa ba.

In gidan haya kake, ko unguwarku na da ƙungiyar masu gidaje mai dokoki, duba takardunka kafin ka kafa komai. Wasu wuraren sun hana gaba ɗaya saboda ɓeraye.

Mataki na biyu: kafa sanda

Bar batun ratayewa a bishiya. Bishiya gidansa ce, ka kai masa abinci har ɗaka ke nan. Sandar katako ma tsani ce a wurinsa. Abin da kake buƙata shi ne bututun ƙarfe mai santsi, kaurin inci 1, tsawon ƙafa 10, irin wanda ake zura wayar lantarki a ciki ko na famfo. Ana samunsa a kowane shagon kayan gini. Ana kuma sayar da sanduna na musamman masu gindi kamar matsefi ko mai murɗawa cikin ƙasa, in aljihu ya yarda sun fi sauƙin kafawa.

Kafin ka haƙa rami, kira lamba 811. Kyauta ne a duk faɗin Amurka, za a turo a yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi ta ƙarƙashin ƙasa. Kira kwanaki kaɗan kafin ranar aikin. Kada ka raina wannan don ramin ƙarami ne, wayoyin intanet musamman ba su da zurfi.

Binne ƙafa 2 a ƙasa, ƙafa 8 su rage a sama. Daddale gindin da tsakuwa, ka tabbatar sandar ta miƙe sak. Yi wannan aikin tun cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin ƙasa ta daskare ta koma kamar dutse. A saman sandar sai ka ɗaura hannaye masu ƙugiya, biyu ko uku, inda mazubai za su rataya. Ka lura da wannan sosai: gindin kowane mazubi, in ya rataya, dole ya kasance sama da ƙafa 5 daga ƙasa. Irin sandar nan mai lanƙwasa kamar ta makiyayi da ake sayarwa da araha, yawancinta gajera ce, in ka rataya dogon mazubi gindinsa na sauka ƙafa 3 ko 4, tsalle ɗaya ya isa.

Mataki na uku: garkuwa

Sandar ƙarfe kaɗai ba ta hana shi hawa, rungumarta yake yi ya haye kamar mai hawan giginya. Abin da ke tare shi shi ne garkuwa, wadda a shago za ka ji ana ce mata baful. Iri biyu ne ake sa wa sanda. Akwai mai siffar malfa, wadda dole faɗinta ya kai inci 18 kafin ta yi amfani. Akwai mai siffar ganga, dogon bututu mai faɗi, rufe a sama, buɗe a ƙasa. Ni ta biyun na fi amincewa da ita. Kurege na hawowa ta sandar, sai ya tsinci kansa cikin duhun ganga, sama a toshe, in ya ce zai bi ta waje kuma faɗin ya fi ƙarfin rungumarsa, ga santsi, ga ta tana lilo.

Za ka iya haɗa ta da kanka cikin awa ɗaya. Sayo bututun kwano na hayaƙin murhu ko na iskar ɗumama gida, faɗin inci 8, tsawon inci 24, da murfinsa na daidai wannan faɗin. Sayo maɗaurin ƙarfe mai noti, irin wanda makanikai ke ɗaure tiyon lagireto da shi, da ƙananan ƙusoshi masu zare guda 4. Za ka buƙaci injin huda da sukundireba, da safar hannu mai kauri, don bakin kwanon nan yanka yake kamar reza.

Fara da murfin. Nemo tsakiyarsa daidai, ka huda rami wanda ya ɗan fi kaurin sandar kaɗan. Kaɗan nake nufi: ya isa garkuwar ta yi motsi, amma kada ya kai faɗin da ɗan tsuntsu zai faɗa ciki ko kurege ya samu bakin da zai gwaguya. Goge bakin ramin da zarto ya yi laushi. Sai ka haɗa bututun, don yawanci a buɗe ake sayar da shi, kana danna bakin ɗaya cikin ɗaya har ya kama. Kifa murfin a kai, ka ɗaure shi da ƙusoshin nan huɗu, ɗaya a kowane ɓangare. Ka sa kawunan ƙusoshin su kwanta lif, don duk abin da ya ɗan turo waje mataki ne a wurinsa.

Koma wurin sandar. Auna ƙafa 5 daga ƙasa, yi alama, ɗaure maɗaurin nan a kan alamar tamau. In maɗaurin siriri ne har kana tsoron zai zurma ta ramin murfin, naɗa tef ɗin lantarki a ƙarƙashinsa ko ka ƙara na biyu a kansa. Yanzu cire hannayen ƙugiya, zura garkuwar ta saman sandar, buɗaɗɗen bakin yana kallon ƙasa, ka sake ta ta zauna a kan maɗaurin. Kada ka ɗaure ta da sandar. Lilon nan da take yi shi ne rabin ƙarfinta. Mayar da hannayen, rataya mazubai, ka ja baya ka duba: babu mazubin da gindinsa ya sauko ƙasa da saman garkuwar? In akwai, gajarta ƙugiyarsa.

Faɗin inci 6 ma yana tare kurege, amma na ce 8 saboda rakun, wata dabba mai yawon dare mai baƙin zane a ido kamar ta sa tabarau, wadda hannayenta suka fi tsawo, kuma takan sauke mazubi ɗungurungum ta tafi da shi.

Washegarin ranar da na sa tawa, na zauna bakin taga da kofin shayi. Na farko ya zo da ƙarfin gwiwarsa, ya haye sandar, ya shige cikin gangar. Ina jin ƙarar faratansa ƙyar-ƙyar a jikin kwano. Can sai ga shi ya zamo ƙasa, ya zauna a kan ƙafafun baya yana kaɗa jela, yana ɗaga kai yana auna nisa. Ya koma kan shinge, ya yi gaba ya yi baya, ya duƙa kamar zai yi tsalle, ya fasa. Kwana uku suna wannan sintiri, daga nan suka haƙura suka koma tsintar abin da ya zubo.

In filin ya yi ƙanƙanta

Gidaje da yawa, musamman na jere masu bango ɗaya, ba su da inda za a samu ƙafa 10 ta kowane ɓangare. A nan sai a koma ga mazubin da ke kare kansa. Mafi inganci shi ne mai aiki da nauyi: jikinsa na da rigar ƙarfe a kan sifirin, tsuntsu in ya sauka ba ta motsi, kurege in ya ɗora nauyinsa sai ta zame ƙasa ta rufe ƙofofin. Wanda aka fi sani shi ne Squirrel Buster na kamfanin Brome. Akwai kuma Yankee Flipper mai batir, wanda matakinsa ke juyawa da zarar nauyi ya hau. Sirrin irin waɗannan shi ne a bar musu sarari na aƙalla inci 18 ta kowane gefe. In ka rataya shi dab da sanda ko bango, kurege zai maƙale ƙafafunsa a can ya miƙo hannu kawai, nauyinsa bai hau ba, ƙofa ba ta rufe ba.

Akwai mai keji, wato mazubi a tsakiya, an kewaye shi da ragar ƙarfe mai ramuka kamar inci 1 da rabi. Ƙananan tsuntsaye na shiga su fita, kurege babba ba ya iya shiga. Aibinsa shi ne yana hana manyan tsuntsaye ma, har da kadinal, jan nan wur mai tukku wanda saboda shi mutane da yawa ke fara wannan harka. Kuma 'ya'yan kurege da cifmonk, wani ɗan ƙaramin danginsa mai zane a baya, sukan kutsa.

In dole sai ka rataya a reshe, yi amfani da waya ko sarƙa, ba igiya ba, ka kifa garkuwa mai siffar laima a saman mazubin, faɗinta inci 18 ko fiye. Wasu kuma na ɗaura waya tsakanin bishiyoyi biyu, su huda gorunan lemo na lita 2 ta gindi su zura su a wayar hagu da dama, yadda in ya taka sai gora ta juya da shi. Yana aiki na ɗan lokaci, amma rana da sanyi na busar da robar, kuma akwai masu koyon ƙetare gorunan da gudu. Ina ganinsa a matsayin dabarar wucin gadi.

Abin da kake zubawa

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baƙar ƙwayar sanfulawa, gyaɗa da masara, su ne abincin da kurege zai yi kasadar ransa a kai. Sanfulawa kuwa ita ce wadda tsuntsaye mafi yawa ke so, don haka in garkuwarka na aiki, ci gaba da ita. In wurinka bai ba da damar kariya sosai ba, canza tsabar.

Akwai wata farar ƙwaya mai tauri da ɗan ɗaci, saffulawa, kada a rikita sunanta da sanfulawa. Kadinal na cinta, chikadi, wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai baƙin kai, na ci, kurciya na ci, amma yawancin kurege ba sa damuwa da ita. Na ce yawanci, don wanda yunwar Fabrairu ta kama ba ya zaɓe. Tsuntsayen ma sukan ɗauki mako ɗaya ko biyu kafin su saba, don haka fara da gauraya ta da sanfulawa kana rage sanfulawar a hankali. Akwai kuma siririyar baƙar ƙwaya da ake sayarwa da sunan Nyjer. Sunan na sa mutum ya zaci daga Nijar take, alhali asalinta Habasha ne, inda ake matse mai daga cikinta, kuma ana noma ta a Indiya. Ƙananan tsuntsaye masu ruwan ɗorawa na mutuwar sonta, kurege kuwa ya raina ƙanƙantarta. Tana saurin bushewa, saya kaɗan-kaɗan.

Guji buhunan gauraye masu araha. Juya buhun ka karanta: in ka ga milo a sahun farko, jar dawa ce, kuma yawancin tsuntsayen gabashin Amurka watsar da ita suke yi suna neman sanfulawar da ke ciki. Duk abin da suka watsar, gayyata ce ga kurege da rana, ga ɓera da dare. Farin gero yana da masoya, kurciya da gwara, amma su a ƙasa ko a faranti suke ci.

Sai batun barkono, wanda kowa ke tambaya. Gaskiya ne: sinadarin da ke sa barkono yaji, kafsaisin, dabbobi masu shayarwa ne ke jin zafinsa, tsuntsaye ba sa ji. Shi ya sa ake sayar da tsaba da dunƙulen kitse da aka riga aka cuɗa da man barkono. Ni dunƙulen kitsen mai yaji kawai nake saye, saboda maƙwaƙƙwafi, kuma tun da na koma gare shi ba a sake fasa mini ragarsa ba. Amma ban yarda da barbaɗa garin barkono da hannu a kan tsaba ba. Iska na kwasarsa ta watsa a idon tsuntsu, a idon kurege, a idonka da na yaranka, ruwan sama kuma na wanke shi. In za ka taɓa mai yajin, sa safar hannu, ka wanke hannu kafin alwala.

Ƙasa, ma'aji da tsabta

Sa faranti a ƙarƙashin mazubi ya tare abin da ke zuba, amma ka tuna faranti ma mataki ne, dole ya kasance sama da garkuwa. Ko ka sayi sanfulawa ɓararriya, ba ɓawo ba shara, sai dai tsada da saurin lalacewa in ta jiƙe. Share gindin sandar sau ɗaya a mako. Buhun tsaba kuwa, zuba shi a garwar ƙarfe mai murfi. Na taɓa ajiye nawa a bokitin roba mai kauri a ɗakin ajiya, cikin kwana biyu suka huda murfin.

Kowane mako 2 sauke mazubin ka wanke, ka jiƙa shi na minti 10 a ruwan bilic, kashi 1 na bilic cikin kashi 9 na ruwa, ka ɗauraye sosai, ka bari ya bushe ƙarau kafin ka zuba tsaba. Wannan ba ƙawa ba ce. Ciwon idon da ke kumbura wa wasu ƙananan tsuntsaye ido, a yankin nan na birnin Washington aka fara lura da shi a 1994, kuma ta mazubai yake yaɗuwa. A bazarar 2021 ma hukumomi a Maryland da maƙwabtanta sun roƙi jama'a su sauke mazubai na wani lokaci saboda wata cuta da ta riƙa kashe tsuntsaye. In ka ga tsuntsu ya takure, ido a kumbure, sauke komai ka wanke, ka dakata mako biyu. In kuma kana yankin da beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi, ke yawo, kamar yammacin Maryland ko jihohin arewa maso gabas, sauke mazubi daga farkon Afrilu har sanyi ya dawo, babu garkuwar da ke tare wannan.

Abubuwan da nake roƙo kada a yi

Za a ba ka shawarar shafa wa sanda man shafawa, giris ko man girki. Kada ka yi. Man na manne wa gashin kurege da fuka-fukan tsuntsu, ya hana su riƙe ɗumi, a ƙasar da dare ke sauka ƙasa da sifiri wannan kisa ne a hankali. Tarkon danƙo ma haka, ba ya bambanta ɓarawo da baƙo, chikadi zai kama kafin ya kama kurege. Guba kuwa ba ta tsayawa kan wanda ya ci, tana bin shaho da mujiya da kyanwar maƙwabci.

Na san abin da zuciyar ɗan ƙasarmu za ta raya masa, don mun taso muna ganin yara na haƙa ramin kurege a bayan gari. A nan dabbar farauta ce mai doka: akwai lokacinta, akwai lasisi, kuma harbi a cikin unguwa laifi ne. Kamawa da keji a kai shi daji ma, jihohi da yawa sai da izini. Ko an ba ka izinin, ba tausayi ba ne kamar yadda ake zato. Wani bincike da aka yi a Maryland aka wallafa a 2004 ya bi sawun waɗanda aka kwashe daga unguwanni aka saka a daji, kusan dukkansu suka mutu ko suka ɓace cikin wata uku. Ga shi suna haihuwa sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu da kuma tsakiyar zafi, in ka ɗauke uwa ka bar jarirai a sheƙa. Kuma gurbin da ka buɗe, wani zai cike shi kafin mako ya zagayo. Masu zama a Ingila su sani cewa dokarsu ta fi tsanani ta wani ɓangaren: wannan kuregen baƙo ne a can, daga Amurka aka kai shi a shekarun 1870, ya kori jan kuregensu na asali daga yawancin ƙasar, don haka in ka kama shi, sakinsa ma laifi ne.

Wasu na ware musu wurin cin abinci can ƙarshen fili, su kafa masara a kan ƙusa, wai don su shagala. Na gwada wata ɗaya. Uku nake da su da na fara, na ƙirga bakwai da na daina. Yanzu abin da ya zubo ƙasa shi ne rabonsu, kuma ba na korarsu a kansa, su ma bayin Allah ne masu neman abinci cikin sanyi.

Abin da ya rage shi ne sake awo. Bishiya na girma, reshen da ke nesa bara ya matso bana, don haka kowace kaka, kafin ka cika mazubi na farko, sake zagayawa da igiyar nan mai ƙafa 10. Duba maɗaurin garkuwa ko ya zame ƙasa. Gargaɗi mutanen gida kada a jingina tsani ko keke kusa da sandar, kada a ja kujera a bar ta a wurin. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka da yawa kuma, fita da shebur ka kwashe ta daga gindin sandar, faɗin ƙafa 4 ko 5 ta kowane gefe. In ta taru ƙafa 2 ta daskare, garkuwar da ka ɗaure a ƙafa 5 ta koma ƙafa 3, kuma shi zai riga ka lura.